Fitilar inji da matsalar taimin: inda masu mota ke asarar kuɗi a Magazin

Wani direban tasi daga Aboabo ya shigo garejinmu a Suame Magazin, unguwar makanikai ta Kumasi, da Corolla, ransa a ɓace. "Masta, sensa biyu na saya, fitilar nan ta ƙi mutuwa." Fitilar gargaɗin inji yake nufi. Na jona na'urar karanta matsalar mota, ta nuna lambar matsala P0012. Kafin in taɓa sifana sai na zaro sandar auna baƙin mai. Ya yi ƙasa da alama, ya yi kauri kamar kwalta, har ɗanko yake a yatsa.

Wannan shi ne kuskuren da ya fi damuna. Da an ga sunan kamshaf (sandar da ke buɗe bawul ɗin inji) a na'ura sai a ruga sayen sensa, alhali sensa ɗan aike ne, abin da ya gani ya faɗa. Injin Toyota mai VVT-i (tsarin sauya taimin, wato lokacin buɗewar bawul) da ƙarfin baƙin mai yake juya kamshaf gaba ko baya, ta hanyar wani ɗan bawul na lantarki da muke kira solenoyid. Idan man ya ragu ko ya yi datti, kamshaf ba zai kai inda kwamfuta ta tura shi ba, sai P0011 ko P0012 ta fito. A injin 1ZZ, irin na wannan Corolla, akwai 'yar rariya kusa da solenoyid ɗin, ba ta kai ɗan yatsa ba, kuma mutane da yawa ba su san da ita ba. Ta direban nan ta toshe ƙam. Muka wanke ta, muka juye mai, muka sa sabuwar filta, fitila ta kwanta.

Shi kansa man akwai magana. Mun saba zuba mai kauri, wato 20W-50, a kowace mota, wai ƙasarmu da zafi. Amma 1ZZ 5W-30 aka tsara masa, Corolla na baya-bayan nan da ake shigowa da su daga Amurka kuwa 0W-20 ne, wasu ma 0W-16. Ka duba murfin wurin zuba mai, galibi a rubuce yake.

P0016 ta fi tsanani. Ma'anarta kamshaf da kuranshaf (sandar da fistin ke juyawa), waɗanda sarƙar taimin ke haɗawa, ba sa tafiya daidai da juna. Abin da nake fara tambaya shi ne: "Alhaji, an buɗe kan injin nan kwanan nan?" Sau da yawa bayan aikin gasket ne aka mayar da sarƙa da kuskuren haƙori ɗaya tak. Idan ba a buɗe ba, kuma kana jin ƙarar kacakaca da safe lokacin tayarwa, sarƙar ce ta miƙe ko tenshina, mai ɗaure ta, ya gaji. Kada a canza sarƙa ita kaɗai a bar tsohon tenshina da robobin da take bi a kai, kuma don Allah kada a sayi ta hannu. Araha ba ta ado, balle a wurin da in sarƙa ta yi tsalle fistin zai iya dukan bawul ya lanƙwasa su. Bayan an haɗa, a juya injin da hannu zagaye biyu, a sake duba alamomin taimin kafin a sa makulli.

P0340 kuwa maganar layin wutar sensar kamshaf ce. A duba soket da waya tukuna, musamman in an wanke inji ko ɓera ya kwana a ciki.

Masu cire kan batir don fitila ta ɗauke, sun goge shaidar da za mu yi aiki da ita ne kawai, kuma za ta dawo. Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne mai cire ƙwan fitilar ko liƙe ta da baƙin tef don ya sayar da mota. In za ka sayi mota, murɗa makulli ba tare da ka tayar ba: dole fitilar ta kunnu, sannan ta mutu bayan inji ya tashi. Idan kuma kana tafiya ka ga tana ƙiftawa, inji na tsallake wuta ne. Nemi gefen hanya ka kashe, ka kira makanikinka ya same ka a can.