Kurakuran da aka fi yi wajen gwada na'urar ji ta dashe a kan samfurin katantanwar kunne

Na zauna da wasu ɗaliban injiniya a Birnin Kebbi da suka ƙera samfurin katantanwar kunne (murɗaɗɗen sashen can cikin kunne da ke karɓar sauti) da roba mai garai-garai, don gwada 'yar na'urar girgiza irin wadda likita ke dasawa cikin kunne. Aikin ya burge ni. Amma da awo ya ƙi daidaita, sai suka ɗora wa na'urar laifi, alhali matsalar tana jikin samfurin.

Babban abin da ke ɓata aiki shi ne kumfar iska. Katantanwar mutum cike take da ruwa, kuma ruwa ba ya matsuwa. Iska kuwa tana matsuwa. Kumfa ɗaya da ba ta kai ƙwayar gero ba za ta shanye turin da na'urar ke yi, tantanin tsakiya, wanda ya ratsa tsawon katantanwar yana amsa girgizar sauti, ya kasa motsi yadda ya kamata. A tafasa ruwan ya huce a rufe, a dura shi da sirinji a hankali daga ƙasa, a karkata samfurin har iskar ta fita. Sannan a haska da tocila kafin kowane awo, ba ranar farko kawai ba.

Na biye da shi, toshe taga. Katantanwa tana da tagogi biyu: mai siffar ƙwai, inda ɗan ƙaramin ƙashin kunne mai siffar likkafa ke turawa, da zagayayya mai tantani. Idan aka tura ɗaya, dole ɗayar ta kumbura. Wanda ya liƙe ta biyun da gam mai tauri ya hana ruwan wurin zuwa. A sa mata roba mai laushi.

Wasu kuma suna yanka tantanin tsakiya da faɗi ɗaya tun daga farko har ƙarshe. Na gaskiya, mai tsawon kusan milimita 35, siriri ne mai tauri a gindi, inda siririyar murya ke tsayawa, yana ƙara faɗi da laushi zuwa ƙololuwa, wurin kakkaurar murya. Wannan ne masanin kimiyyar ji Georg von Békésy ya nuna, har ya samu kyautar Nobel a 1961, shi ma kuwa ya yi aiki da samfura.

A kula da yadda na'urar ke taɓa tagar. In ta yi sako-sako ƙarfi ya zube, in an danna da yawa tantanin tagar ya ƙage. A auna dannawar, a rubuta, a maimaita ta daidai kullum.

Janareto kusa da tebur yana girgiza samfurin fiye da na'urar kanta, gara a koma batir. Zafin Afrilu a nan kan wuce digiri 40, gilisarin (ruwa mai kauri) da aka gauraya a ruwan samfurin ya tsinke, awon safe ya saba da na azahar. A riƙa rubuta zafin ɗaki.

Abin da ya fi damuna shi ne a rubuta cewa na'urar za ta dawo wa kurma da ji. Samfurin roba ba shi da ƙwayoyin gashi masu ƙara ƙarfin sauti, ba shi da jijiya. Motsin ruwa kaɗai yake nunawa. Bayansa akwai gwaji a ƙashin kunnen mamaci, sannan a je ga majiyyaci a ƙarƙashin kulawar likita.