Shawara Ga Mai Son Haɗa Kariyar Ɗaukar Kwalekwale A Kan Mota

'Yan'uwa masunta, kafin a kai ƙarfe wajen mai walda, a fara duba littafin motar, domin yawancin ƙananan motoci rufinsu bai wuce ɗaukar kilo 50 zuwa 75 ba, kuma nauyin kariyar kanta yana cikin lissafin. Saboda haka wannan shawara ta shafi kwalekwalen roba mara nauyi ne; na katako irin wanda ake sassaƙawa daga itace guda sai a-kori-kura.

Bututun ƙarfe biyu masu kusurwa huɗu sun wadatar, a gitta su a kan rufin, kowanne ya ɗan fi faɗin kwalekwalen, a kuma nisanta su gwargwadon tsawon rufin. Inda aikin yake shi ne ƙafafun da za su riƙe bututun a kan motar: lallai su zauna a gefen rufin, inda ƙarfen motar yake da kauri, a ɗaure su da kusoshi masu noti, domin tsakiyar rufin falle ɗaya ne, nan da nan yake lotsawa. A naɗe bututun da tsohuwar robar tub don kada gefen kwalekwalen ya goge.

A kife kwalekwalen, a ɗaure cikinsa da majanyi mai ƙarfi a kan kowane bututu, sannan a ja igiya daga goshinsa da wutsiyarsa zuwa ƙugiyoyin jan mota, saboda iskar hanya daga gaba take ɗaga shi. Bayan tafiyar 'yan kilomitoci a tsaya a ƙara tamke igiyoyin, musamman a hanya mai gargada.