Yadda Ake Sabunta BIOS na Kwamfuta da Filashin Tayarwa

Da farko, ka duba lambar samfurin babban allon kwamfutarka (motherboard), sannan ka sauke fayil ɗin BIOS, wato manhajar da ke cikin allon wadda ke tayar da kwamfuta idan an kunna ta, daga shafin kamfanin da ya ƙera shi, domin fayil ɗin wani samfuri yana iya lalata allon. Ka yi amfani da manhajar Rufus ka sanya FreeDOS, wato wata ƙaramar babbar manhaja da ake sarrafawa ta hanyar rubuta umarni, a kan filashi mai tsarin ajiyar fayil na FAT32, ka kwafe fayil ɗin da manhajar sabuntawa a ciki. Bayan haka, ka tayar da kwamfutar daga filashin, ka rubuta umarnin da kamfanin ya bayar. Kada ka kashe ta ana cikin aikin, kuma gara ka jona ta da UPS, wato na'urar batir mai ci gaba da ba da wuta idan an ɗauke ta, saboda ɗaukewar wuta a wannan lokaci tana iya hana ta sake tashi. Idan ta kammala, ka shiga BIOS ka mayar da saitunan asali.