Yadda Ake Ziyartar Kufan Glendalough da Dajinsa a Ƙasar Ayilan

Glendalough wani kwari ne mai tafkuna biyu a tsaunukan Wicklow, kimanin kilomita 50 kudu da birnin Dublin, kuma a nan ne Waliyyi Kevin, wanda ya rasu a shekarar 618, ya kafa mazaunin sufayen Kirista da ya zama ɗaya daga cikin manyan cibiyoyin ibada da karatu na ƙasar. Yawancin baƙi suna sauka daga mota, su ɗauki hoton hasumiya, su sha shayi, su juya, alhali rabin abin da ya kamata a gani yana can cikin daji da bakin tafkin sama. Shawarata ita ce a ba wa wurin yini guda cur, a fara da gine-gine da sassafe, sannan a shiga daji.

Mai tahowa daga Najeriya ko Nijar ya sani cewa Ayilan ba ta cikin yankin Shengen, saboda haka bizarta daban take. Daga Dublin akwai bas da ke zuwa har bakin kwarin cikin kusan awa ɗaya da rabi, amma ba ta yawan zirga-zirga, don haka a tabbatar da lokacin komawarta tun kafin a sauka. Mai mota kuwa ya yi sammako, musamman ranakun Asabar da Lahadi na bazara, domin wuraren ajiye motoci kan cika kafin azahar, kuma ana biyan kuɗi. Shiga kufan kyauta ne. Cibiyar baƙi ce kawai, inda ake nuna tarihin wurin, ake biya kafin a shiga.

A shiga ta tsohuwar ƙofar dutse mai baka biyu, wadda ita kaɗai ce irinta da ta rage a ƙasar. Da an wuce ta, hasumiya za ta tsaya a gaban mutum, tsayinta kimanin mita 30, ƙofarta kuma tana sama da ƙasa da fiye da mita 3, ta yadda sai da tsani ake isa gare ta. An gina ta ne domin kaɗa ƙararrawa, ta kuma zama alama ga masu ziyarar ibada da ke hango ta daga nesa. Hularta mai tsini an sake ɗora ta a 1876 da duwatsunta na asali. Kada a yi gaggawar barin wannan fili. A matsa kusa da cocin Kevin a duba rufinsa, wanda dutse ne zalla aka jera har ya haɗe, ba katako ba kwano, ga kuma ƙaramar hasumiya a kansa mai kama da bututun hayaƙi, abin da ya sa mutane ke kiransa kicin ɗin Kevin. Babban cocin, wanda ya fi kowane gini girma, yanzu ba shi da rufi. Martabar wurin ta fara raguwa ne bayan an haɗe shi da Dublin a ƙarƙashin bishop guda a 1214, sannan sojojin Ingila suka lalata shi a 1398.

Duk filin maƙabarta ce, kuma har yanzu akwai iyalan da ke zuwa gaida kaburburan 'yan'uwansu. Ba a hawa kan kabari ko katanga don ɗaukar hoto, ba a kuma cire ko da ɗan tsakuwa daga gini.

Hanyoyin daji guda 9 ne, kowacce da launin kibiyarta, kuma hukumar gandun dajin tsaunukan Wicklow, wanda aka kafa a 1991, ce ke kula da su. Mai tafe da yara ko dattawa ya bi koriyar hanya, wadda ba ta wuce kilomita 3 ba, tana ratsa inuwar manyan itatuwan oak da gansakuka ya lulluɓe, tana bin gefen tafkin ƙasa har zuwa na sama. Daga can hawa kaɗan ne zuwa inda ruwan Poulanass ke zubowa tsakanin duwatsu, kusa kuma akwai ɗan kangon cocin Reefert a cikin itatuwa, inda hayaniyar baƙi ba ta cika kaiwa ba. Wanda ke son tarihi na kusa ya bi hanyar mahaƙa ta arewacin tafkin sama, inda zai tarar da rusassun gidajen masu haƙar dalma na ƙarni na 19 da tarin farin tsakuwar da suka bari, daga can kuma zai hango ɗan kogon da ake cewa Kevin ya yi halwa a ciki, a jikin dutsen da ke tsallaken ruwa.

Hanyar da ta fi kowacce kyau a ganina ita ce ta Spinc mai farar kibiya, kusan kilomita 9, wadda ke cin awa uku zuwa huɗu. Ana hawa mai tsanani kafin a fito kan ƙoƙuwar tsauni, inda aka shimfiɗa katakai domin kada ƙafa ta nutse a taɓo, kuma daga nan tafkunan biyu da hasumiya duk suna ƙarƙashin mutum. Sau da yawa akan ga barewa da awakin daji. Amma fa hanyar tana bin gefen rami mai zurfi, katakon kuma yana santsi idan ya jiƙe, don haka idan hazo ya sauko ko iska ta yi ƙarfi, a haƙura a koma ƙasa.

Yanayin Wicklow yana juyawa cikin ƙanƙanin lokaci, rana da ruwa suna iya musanyawa sau da yawa a yini ɗaya. A duba hasashen Met Éireann, hukumar kula da yanayi ta Ayilan, da safe, a sa takalmi mai kama ƙasa, a ɗauki rigar ruwa maimakon laima, wadda iska ba ta barin ta, tare da guzuri da ruwan sha, domin babu kanti a kan tsauni. A watan Disamba rana tana faɗuwa jim kaɗan bayan ƙarfe huɗu, a Yuni kuwa sai kusan goma na dare, abin da ya shafi tsawon tafiya da kuma lokutan salla ga Musulmi. An hana hura wuta da kwana a tanti a cikin kwarin, shara kuma kowa da tasa yake komawa. Idan wani ya ji rauni ko ya ɓata, a kira 112 ko 999 a nemi masu ceto na tsauni. Bayan an dawo masauki, a duba jiki da kyau saboda kaska, wadda ke maƙalewa daga ciyawa kuma tana iya ɗauke da cutar Lyme. Idan an same ta a cire ta nan take, a kuma ga likita in jan tabo ko zazzaɓi ya biyo baya.