Kurakuran da ake ta maimaitawa wajen manna farantin faiba a jirgin ruwa

Jama'a, na gaji da ganin abu ɗaya kullum. Mutum zai ɗaura ƙarfen ɗaure igiya ko winci, wato na'urar naɗe igiya, a daben jirgi, ya san dole a sa faranti ta ƙasa don ya raba nauyi kar noti ya tsaga faiban jikin jirgin, amma aikin ya ƙi ƙarko, sai ya ce wai efoksi, wato gam ɗin da ake manna farantin da shi, ne ba kyau. Sau da yawa efoksin bai da laifin komai.

Tun wajen saye ake fara ɓata aiki. Abin da kake nema shi ne G10, wato yadin gilashi da aka jera aka matse da efoksi, ko FR4 ɗan uwansa wanda ba ya saurin kama wuta, duk za su yi. Ni wajen masu kayan insuleshan na lantarki nake neman ragowar yanka, ya fi sauƙi. Amma a nan ne wani mai kaya ya taɓa haɗa ni da faranti ruwan ƙasa ya rantse duk ɗaya ne, ashe fenolik ne, wato wani faranti daban mai takarda a ciki maimakon yadin gilashi. Na sa shi ƙarƙashin bawul ɗin ruwa, ya sha damshi ya kumbura, sai da aka sake fito da jirgin kan tudu na ɓanɓare komai, kuɗin aikin duk a kaina. Don Allah ka duba gefen da aka yanka, in ba ka ga layi-layin yadin gilashi ba ka ajiye masa kayansa. Kauri kuwa ni milimita 6 ga ƙananan ƙarafa, 10 zuwa 12 ga winci da duk abin da ake ja da ƙarfi.

Sauran abubuwan da ake faranti da su kuwa, filawud yana ruɓewa. Alminiyam da kusar sitenles a ruwan gishiri cin juna suke. Farar robar HDPE efoksi ba ya kama ta sam.

To ga wanda ya fi ba ni haushi, manna faranti da sheƙinsa. G10 daga kamfani sumul yake fitowa kamar madubi, wani lokacin har da ragowar maganin da ke hana shi liƙewa a injin matsa, kai kuma ka shafa gam a kai ka ce ka gama? Na sa bakin sukudireba a gefen irin wannan aikin, ɓas ya fita, efoksin na nan manne da jirgi, farantin fes ba ko ɗigo a jikinsa. Ka fara gogewa da asiton, ruwan sinadarin cire maiƙo, sannan sanfefa lamba 80 har sheƙin ya mutu ko'ina, in ka fara da sanfefa dattin kake turawa cikin ƙarcen. Ɓangaren jirgin ma haka, fenti ya fita sai ka ga faiba tsirara. In sabon efoksi ne a wurin ka wanke da ruwa tukuna, wannan maiƙon da ke fitowa samansa asiton ba ya cire shi da kyau.

Kuma ku daina manna G10 da rezin foliyesta, wani gam daban da efoksi, don araha, ba ya riƙe busasshen efoksin da ke jikin G10. Ni tsinkakken efoksi nake fara shafawa duka fuska biyu, sannan wanda na kaurara da garin silika ya cike ramuka tunda cikin jirgi ba shafaffe ba ne. Kar ka ɗaure noti tamau gam na ɗanye, ka matse shi duk ya tsiyaye me ya rage? Ka ɗaura kaɗan, ka shafa wa kusoshin kakin zuma kar su liƙe, sai ya bushe ka ƙarasa.

Ƙara maganin daskarewa da ake haɗa efoksi da shi ba ya sa shi saurin bushewa, lalata haɗin yake, ka bi awon da ke jikin gwangwani. Kusurwoyin farantin ka zagaye su ka fiƙe gefe. In daben mai balsa ne a tsakiya, wato katako mai laushi tsakanin faiba biyu, ka faɗaɗa hujin kusa, ka ƙwaƙule katakon kewaye, ka cike da efoksi mai kauri ka sake hudawa, in ba haka ba noti zai murƙushe shi ruwa ya shiga. Abin hana yoyo a sama kawai ake sawa, ƙasa ka bar shi don in ya fara ɗiga ka gani da wuri. Wajen yanka kuma ka sa takunkumi, ka nemi zarto mai haƙorin kabaid, wani ƙarfe mai tauri sosai, na katako nan take G10 zai dasashe shi.