Yadda Ɗan Takara Zai Nemi Ƙuri'ar Mutanen Karkara a Jihar Gombe

Jihar Gombe, wadda aka cire daga Bauchi a ranar 1 ga Oktoba 1996, tana da ƙananan hukumomi 11 da gundumomi 114, kuma mafi yawan kujeru 24 na Majalisar Dokokinta manoma da makiyaya ne ke yanke hukuncin wanda zai hau su. Duk da haka, 'yan takara da yawa ba su san ƙauye ba sai ta gilashin mota, ranar da suka shiga da jiniya da makaɗa, suka yi jawabin minti goma, suka bar mutane da ƙura. Wanda yake son a zaɓe shi da zuciya ɗaya, namiji ne ko mace, ga hanyar da ta dace ya bi.

Da farko ka san mazaɓarka a takarda kafin ka taka ta da ƙafa. Ka nemi jerin rumfunan zaɓe na hukumar INEC, da yawan masu rajista a kowace rumfa, da sakamakon zaɓen da ya gabata, domin a shekarar 2021 hukumar ta ƙara yawan rumfuna a faɗin ƙasa daga 119,974 zuwa 176,846, kuma akwai ƙauyukan da wurin jefa ƙuri'arsu ya canja. Ka kuma san harshen da ake yi a cikin gida. Hausa za ta kai ka ko'ina, amma a rugagen Dukku da Nafada Fulatanci ne ke buɗe zuciya, a Yamaltu/Deba akwai Tera, a Ɓilliri akwai Tangale, a Balanga akwai Waja. Ka tafi da ɗan garin da mutane suka yarda da shi, wanda zai faɗa maka abin da aka ce bayan ka juya baya.

Abu na biyu shi ne lokaci. Dokar Zaɓe ta ce yaƙin neman zaɓe a bainar jama'a yana farawa kwana 150 kafin ranar zaɓe, ya kuma tsaya ana saura awa 24, amma babu dokar da ta hana zumunci, ko gaisuwar rashin lafiya, ko ta'aziyya. Ka fara zuwa tun da damina, lokacin da hanya take nuna ainihin halinta, domin wanda motarsa ta taɓa kafewa a taɓo a hanyar wani ƙauye ba ya bukatar a yi masa bayanin abin da mai naƙuda ke fuskanta da tsakar dare. Kada ka kira taro da hantsi manomi yana gona. Bayan La'asar ne mutane ke samun sukuni. Ranar kasuwa ta gaisuwa ce, ba ta doguwar magana ba.

Idan ka isa, ka shiga ta ƙofa. Ka fara da hakimi, sannan dagaci, sannan mai unguwa ko jauro, kuma idan da ruga a kusa ka nemi arɗo. Ka cire takalmi, ka durƙusa, ka ce, "Ranka ya daɗe, ɗanka ne ya zo neman albarka da izinin ganawa da jama'arka." Daga nan ka tsaya. Kada ka matsa wa mai sarauta ya ɗaga hannunka a gaban jama'a, domin shi uban kowa ne, kuma rawaninsa na iya shiga hatsari saboda kai. Haka limami da fasto: ka gaishe su a gida, amma ka sani doka ta hana kamfen a masallaci da coci da ofisoshin gwamnati.

Mataki na huɗu shi ne zuciyar aikin, kuma a nan ne mafi yawa suke faɗuwa. Ka bar ayarin motoci a gida, ka zo da mota ɗaya ko biyu, ka zauna a tabarma tare da dattawa a gindin bishiyar da suka saba zama, ba a kujerar da aka ɗauko maka daga makaranta ba. Idan aka kawo ruwa a kwano ka sha, ko da launinsa bai yi maka ba, domin ruwan da 'ya'yansu ke sha ke nan kullum, kuma duk idon da ke wurin yana kallon hannunka. Sannan ka yi tambaya ka yi shiru. Mutanen karkara ba sa fara magana da abin da ya fi damunsu. Za a yi godiya, a yi addu'a, a ambaci taki, sai can wani tsoho da bai ce uffan ba ya gyara murya ya kawo zancen burtalin da aka nome, ko kwazazzabon da ke cin maƙabarta, ko asibitin da ba ma'aikaci da dare. Manomin rani a Dadin Kowa damuwarsa ruwa da kuɗin man injin ban-ruwa ce, ta mutumin da ke kusa da Ashaka kuwa daban ce. Ka sa a rubuta kowace buƙata a littafi, da sunan ƙauyen da ranar, a karanta musu kafin a tashi.

Mata ba za su zo wannan zama ba a garuruwa da yawa, alhali su ne kan cika layi ranar zaɓe. Ka nemi izinin magidanta, ka tura mata masu mutunci su shiga gida gida, su zauna da ungozoma da uwar adashi da masu sana'ar ƙuli-ƙuli da daddawa. A tambaye su ko katin zaɓensu yana hannunsu, domin wadda ba ta da kati goyon bayanta ba ya shiga akwati.

Sai maganar alƙawari. Ka faɗi abin da kujerar da kake nema za ta iya yi kawai. Ɗan majalisa ba ya ba da kwangilar titi. Aikinsa yin doka, da amincewa da kasafin kuɗi, da sa ido a kan ma'aikatu, da kai kukan mazaɓarsa inda za a ji. Idan aka roƙe ka gada, ka ce za ka yi faɗa a sa ta a kasafi, za ka kuma dawo ka gaya musu inda maganar ta kwana. A ganina wannan amsa ta fi "an gama" daraja nesa ba kusa ba, domin mutanen nan sun sha jin "an gama", kuma ba su manta da waɗanda suka faɗa ba.

Game da kuɗi, goron gaisuwa al'ada ce, amma raba kuɗi ko taliya ko atamfa don a zaɓe ka laifi ne a doka, ga mai bayarwa da mai karɓa. Mafi muni shi ne ɗaukar matasa a ba su ƙwaya da makami. Gombe ta ɗanɗana kuɗarta a hannun 'yan Kalare, kamar yadda Bauchi ta sha fama da Sara-Suka, kuma yaran da aka lalata 'ya'yan talakawa ne. Ka ba matasa aikin da zai ƙara musu ƙima: su zagaya su gano waɗanda ba su karɓi kati ba, su koya wa tsofaffi yadda ake dangwala wa alamar jam'iyya ba tare da an ɓata takarda ba.

A ƙarshen shiri, ka zaɓi wakilin kowace rumfa daga cikin 'yan ƙauyen, wanda ya iya karatu kuma ya san fuskokin mutane. A koya masa cewa na'urar BVAS ce ke tantance mai zaɓe, cewa ana ƙirga ƙuri'a a fili, kuma kada ya bar wurin sai an cike takardar sakamako ta EC8A, ya sa hannu, ya karɓi kwafinsa. Ka tanadar masa abinci da kuɗin mota da katin waya tun daren jajibiri, domin wakilin da yunwa ta kora da Azahar ya bar maka rumfa a hannun wasu.

Bayan an sanar da sakamako, ko ka ci ko ka faɗi, ka koma yin godiya cikin makonni kaɗan, ka haɗa da ƙauyukan da ba su zaɓe ka ba. Idan ka ci, ka buɗe ofishin mazaɓa a hedikwatar ƙaramar hukuma, ka sa wanda zai riƙa zama a cikinsa, ka kuma tsayar da lokacin da za ka riƙa zagaya gundumomi kana bayyana abin da aka samu da abin da ya gagara.