Yadda Ake Shirya Fim ɗin da Ya Haɗa Bahaushe da Mabiyin Buddha a Jos

Duk wanda zai yi fim a kan haɗuwar Bahaushe Musulmi da mabiyin addinin Buddha, kafin ya nemi kamara ya fara amsa tambaya ɗaya: wane ɗan Buddha? Yawancin 'yan kallonmu sun san addinin nan ne ta finafinan Chanis, masu aski ƙwal suna faɗa a tsakar gida. Wasu kuma suna haɗa shi da addinin Hindu saboda finafinan Indiya, alhali mabiya Buddha a Indiya ta yau ba su kai ɗaya cikin ɗari ba. Wanda ya kawo koyarwar, Siddhartha Gautama, an haife shi a Lumbini cikin ƙasar Nepal ta yanzu, ƙarni biyar zuwa shida kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya rasu yana da shekara 80. Bayansa addinin ya rabu manyan rassa uku. Terabada tana Siri Lanka, Tailan, Miyanma, Kambodiya da Lawos. Mahayana tana Sin, Japan, Koriya da Biyetnam. Bajirayana kuwa tana Tibet, Butan da Mongoliya. Tufafinsu daban, harshen karatunsu daban. Ka zaɓi ƙasa ɗaya tun a shafin farko, ka tsaya a kanta har ƙarshe.

Shawara mafi sauƙi ita ce kada baƙon naka ya zama bikku, wato malaminsu da ya bar gida da dukiya ya shiga zuhudu. Me zai kawo irinsa Jos? Injiniyan hanya, likita ko ma'aikacin kamfanin ma'adinai ya fi kwanciya a rai, kuma ya fi araha wajen kaya. Abokin tafiyarsa a labarin ya zama wanda aiki ya haɗa su dole, kamar direba, mai gadi ko tafinta.

Inda labarin yake samun nama

Ɗan Buddha na gari yana riƙe da alkawura biyar: ba kisan mai rai, ba sata, ba lalata, ba ƙarya, ba kayan maye. Bahaushe yana jin huɗu daga ciki zai ce ai wannan tarbiyyar gidanmu ce. Na farkon ne ke da aiki, domin ya haɗa har da ƙwari. Daga nan za ka ciro sin, wato fitowa guda a fim, mai ƙarfi ba tare da dogon surutu ba. Da asuba direba ya zazzage takalminsa, kunama ta faɗo, ya ɗaga ɗaya takalmin zai make ta. Baƙon ya riƙe masa hannu, ya kifa mata kofin shayi, ya zura kwali a ƙasa, ya kai ta bayan katanga. Direban ya bi shi da kallo, bai ce komai ba. Daga baya, ranar babbar salla, baƙon ya tarar da ragon layya a ɗaure a ƙofar gidan direban, yara suna ba shi dusa. Kada ka rubuta musu muhawara a nan. Ka bar kamara a fuskarsa daƙiƙa shida zuwa takwas, sannan ka nuna yadda ake rabon naman gida-gida har da maƙwabta waɗanda ba Musulmi ba. Kyauta babbar ibada ce a wajen mabiya Buddha, zai gane abin da yake gani.

Kuskuren da ya fi kashe irin wannan fim shi ne layin nan na "ai duk Allah ɗaya muke bauta wa". A koyarwar Buddha babu Mahalicci da ake bauta wa, sun yi imani da sake haihuwa bayan mutuwa, kuma nibbana da suke nema, wato kuɓuta daga zagayen sake haihuwa, ba ita ce aljanna ba. Idan ka sa wancan layi a bakin jarumi, ka yi wa Musulmi ƙarya ka yi wa ɗan Buddha ƙarya, kuma malamai za su kama ka tun a makon farko. Bar saɓanin a fili, kowa ya faɗi nasa sau ɗaya cikin ladabi. Haka kuma kada ka ƙarasa fim da wani ya bar addininsa don labari ya rufe. 'Yan kallo suna hango hakan tun daga minti na goma.

Akwai abin da mai kallo zai shigo da shi a zuciya ko ka so ko ka ƙi: abin da aka yi wa Musulmin Rohingya a Miyanma, musamman a 2017. Tsallake shi ragon azanci ne. Direban ya yi tambayar kai tsaye, baƙon ya amsa da bakinsa a matsayin mutum ɗaya, ba wakilin al'umma ba. Mutanen Jos, da suka ga rikicin 2001 da 2008 da 2010, sun san nauyin a tambaye ka laifin da wani ya aikata da sunan addininka.

Kafin a fara shutin, a kai rubutun wajen malami guda da ɗan Buddha guda. Ofisoshin jakadancin Tailan, Japan da Biyetnam suna Abuja, a rubuta musu takarda a nemi wanda zai duba.

Kaya da ɗabi'u

Idan labarin ya dage sai bikku ya fito, ko da a tunanin baya ne, to a kula. Na Tailan da Siri Lanka suna sa ruwan lemo ko ruwan ƙasa, na Miyanma da Tibet ja mai duhu, na Koriya ruwan toka. Mayafin sama na Terabada ya kai kusan mita 2 a mita 3, kuma gutsattsari ake haɗawa a ɗinke shi kamar fasalin fadamar shinkafa. A sayi yadi goma na auduga marar sheƙi don mayafi da zanen ƙasa, a wanke sau biyu kafin ranar aiki, don sabon yadi yana ƙyalli a kamara kamar kayan anko. A cikin gidan ibada kafaɗar dama a buɗe take, idan zai shiga gari ya rufe duka biyun. Na Tailan suna aske gira, na Miyanma ba sa yi. Dokokin bikku na Terabada 227 ne, uku daga ciki su ake yawan karyawa a fim: ba ya cin abinci bayan rana ta take tsaka, ba ya karɓar kuɗi, ba ya taɓa mace. Idan aka zuba masa abinci a ƙwaryarsa ba ya cewa na gode, domin a wajensu mai bayarwa ne ya samu. Mai kwantiniti, wato mai kula da kada kamannin ɗan wasa su sauya tsakanin ɗauka, ya riƙe reza: gashi na kwana biyu yana fitowa a hoton kusa.

Mutum-mutumin nan mai tumbi da dariya da ake gani a gidajen abincin 'yan Sin ba Gautama ba ne. Budai ne, wani malamin Sin na ƙarni na 10. A nemo na Gautama a zaune, siriri, ƙafafu a harɗe, a ɗora shi sama da kan mutum idan yana zaune, kada a ajiye shi a ƙasa, kada ɗan wasa ya miƙe ƙafa wajensa ko ya shiga da takalmi. Direban zai iya kiransa gunki, haka zai faɗa a zahiri, amma fassarar maganar baƙon ta ce mutum-mutumi. Carbinsu ƙwaya 108 ne, kar a ari mai 99 a miƙa masa. Karatun Terabada da harshen Pali ake yi, a samo na gaske da izini, ɗan wasa ya daina ƙirƙirar gunaguni. Zaman tattara hankali da suke yi kuma kada a kira shi salla.

Lokeshan da sauti

Jos tana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, duwatsun Shere da na Riyom da tsofaffin kududdufan kuza suna ba da shirun da labarin ke so. Damina daga Afrilu zuwa Oktoba take, Yuli da Agusta ruwa zai cinye maka rabin yini. Disamba da Janairu ga sanyi ga hazo, mutum mai kafaɗa a waje zai yi ta karkarwa da ƙarfe shida na safe, sai a tanadi bargo da shayi tsakanin ɗauka. Ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba ya fi, ciyawa ba ta gama bushewa ba, sama kuma garau. A gaida mai unguwa ko dagaci, a sanar da 'yan sanda kafin a sauke kaya.

Fim mai minti 20 shafi 20 ne a ƙiyasi, a ba shi kwana biyar, shafi huɗu kullum. Sin ɗin zaman shiru shi ya fi wahala, don duk ƙarar da magana ke rufewa a nan take fitowa. A kai janareta nesa da waya mai mita 50, a sa wa makirfo rigarsa mai gashi saboda iskar tudu, a ɗauki minti ɗaya na shirun kowane wuri don edita ya cike giɓi. Kiran salla kuma a ɗauke shi daban da asuba, a shimfiɗa shi ƙasa-ƙasa a bayan zaman baƙon ba tare da kiɗa a kansa ba.

Ma'aikata ba sa wuya a garin da Hukumar Finafinai ta Najeriya take, ga kuma ɗaliban makarantar koyon fim ta ƙasa. Idan an gama haɗawa, a kai wa Hukumar Tace Finafinai ta Ƙasa, mai hedikwata a Abuja, kafin a saki. Wanda zai haska a Kano sai ya bi ta hukumar tacewa ta jihar ma, saboda haka a ajiye takardar malamin da ya duba rubutun a cikin fayil ɗin da za a miƙa.